Yadda ake ceto tsofaffin takardun gida, daga buɗe adaka zuwa ajiya

Aikina kula da littattafai da tsofaffin takardu ne a wani ɗakin karatu a nan Jos, kuma tambayar da aka fi yi mini a 'yan watannin nan guda ce: mahaifinmu ya rasu, mun buɗe adakarsa mun tarar da kundi da wasiƙu da takardun fili da hotuna, gara ta fara ci, yaya za mu yi? Wasu a masallaci suke tare ni, wasu su kira, wasu kuma su kwaso kayan a leda su zo. Ga yadda nake yi, daki-daki. Abin da nake roƙo shi ne a bi matakan a jere, domin yawancin ɓarnar da nake gani ba gara ce ta yi ba, hannun mai son gyara ne.

1. Ka tanadi kayan aiki kafin ka taɓa komai

Burushin fenti sabo mai laushi, takunkumin rufe hanci, fensir mai lamba 2B, rula, farar takardar fotokwafi rim ɗaya, farin yadi na auduga kamu biyu ko uku, baƙin yadi kamu ɗaya, littafin rubutu, da kwali mai ƙwari mai murfi. Sai waya mai kyamara mai kyau. Duk waɗannan ana samunsu a shagunan kayan rubutu da na yadi da ke wajen Taminus, kuma ban da wayar, babu mai tsada a cikinsu. Abin da zai ɗan ci kuɗi sai a mataki na shida, wato abin da za ka zuba hotunan a ciki.

Farin yadin ka wanke shi da ruwa zalla har sitacin ya fita, ya bushe ƙarau. Ƙwari suna son sitaci.

Gargaɗi: ka nisanta biro, alƙalamin maka, gam, salatef da kofin shayi daga teburin. Ka wanke hannu da sabulu ka tsane shi sosai, kada ka shafa mai. Idan akwai Alƙur'ani a cikin kayan za ka yi alwala, to ka jira hannunka ya bushe tukuna. Safar hannu ba ta da amfani wajen takarda, tana hana ka jin laushinta har ka yage ta. Wajen hotuna ne kawai take da rana, ko kuma ka riƙe su ta gefe.

Lokacin da ya fi dacewa a Jos shi ne bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi. A Yuli da Agusta iska cike take da danshi. A tsakiyar hunturu kuma takarda tana bushewa ta yi ƙamas, lanƙwasa kaɗan sai ta karye. Amma in gara tana ciki yanzu, ba a jiran wata.

2. Ka ɗauki hoton kayan yadda ka same su, kada ka jera

Wannan ne matakin da kowa yake tsallakewa. Mutum yana buɗe akwati sai ya fara ware wasiƙu gefe, rasit gefe, rubutun Larabci gefe. Kada ka yi. Yadda mai kayan ya ajiye su ma labari ne: wasiƙar da aka cusa a tsakiyar wani littafi, ko rasit da aka ɗaure tare da takardar gida, akwai dalilin zamansu tare, kuma da ka raba su ka rasa dalilin.

Ka ɗauki hoton akwatin a buɗe. Ka fito da ɗauri ɗaya, ka ɗauki hotonsa, ka ajiye shi a kan farar takarda, ka rubuta wa takardar lamba: 1, 2, 3. Kowace gafaka, kowane ɗauri, kowane ambulan, lambarsa daban.

Rubuce-rubucen malamanmu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a tsakanin tadarishi, kuma galibi ba su da lambar shafi. Iska ɗaya ko faɗuwa ɗaya ta isa ta hautsina aikin shekaru. Don haka ka kashe fanka, ka rufe taga ta ɓangaren iska, ka hana yara shigowa.

In ka tarar an riga an hautsina, ka duba ƙasan bayan kowace warƙa. Marubuta sukan sa kalma ɗaya a kusurwar ƙasa ta hagu, ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye. Da ita ake mayar da littafi yadda yake. Aiki ne mai cin lokaci, kuma ya fi kyau ka zauna da malamin da ya karanci littafin, domin shi da ya ga layi biyu zai ce maka wannan Ishriniya ce, wannan Risala ce, wannan kuma waƙar ajami ce. Amma wannan sai bayan ka ɗauki hoton yadda ka tarar.

3. Ware masu ciwo, sannan shara

Kafin shara, ka duba kowane ɗauri ka nemi abu uku: danshi, fumfuna, da ƙwari masu rai. Duk wanda yake da ɗaya daga ciki ka fitar da shi daga cikin 'yan'uwansa.

Jiƙaƙƙiyar takarda ko mai sanyin danshi: ka shimfiɗa ta a kan farar takarda a inuwa, a ɗaki mai shan iska, kana canza ta ƙasan in ta jiƙe. Kada ka shanya a rana, kada ka sa dutsen guga, kada ka kanga a wuta. Waɗanda suka manne da juna kuma kada ka ɓanɓare su da ƙarfi. Ka bar su su bushe, sannan ka gwada zura siririyar takarda a tsakani. In sun ƙi, ka bar su haka ka nemi masani.

Fumfuna: sai ta bushe ta zama gari ake share ta, kuma a waje, a inuwa, da takunkumi a hanci. Mai asma kada ya yi wannan aikin. In ka share ta tana ɗanya, shafa ta kake yi cikin takardar.

Ƙwari: in ka ga garin takarda sabo, ko ƙwaro yana motsi, hanya mafi tsabta ita ce firiza. Ka sa busasshen ɗaurin a leda mai rufuwa, ka matse iskar, ka ƙara wata ledar a kai, ka sa a firizar da sanyinta ya kai digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, ya yi mako biyu. In ka fito da shi kada ka buɗe sai ya kwana ya wuni a rufe, don raɓar ta tsaya a bayan leda. Gargaɗi: wannan na mai tsayayyiyar wuta ne ko sola. Firizar da take narkewa tana sake daskarewa ba za ta kashe ƙwarin yadda ya kamata ba. In ba ka da ita, ka share warƙa-warƙa da burushi, ka canza akwatin gaba ɗaya, ka ware ɗaurin kana duba shi duk mako. Kada ka fesa fiya-fiya ko wani maganin sauro a kan takarda. Yana barin mai, kuma kai ne za ka shaƙe shi duk ranar da ka buɗe.

Sharar kanta da sauƙi: ka kwantar da warƙar a kan farar takarda, ka danne ta da yatsu a hankali, ka ja burushi daga tsakiya zuwa gefe. Inda tawada take ɓarewa kada burushi ya bi ta wurin.

Babban gargaɗi a nan: ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma kada ya kusanci rubutun hannu. Tawadarmu ta gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, irin wadda ake wankewa daga allo a sha. Abin da ya wanke ta daga allo zai wanke ta daga takarda.

Sai ka cire duk wani ƙarfe da roba: allura, fin, maƙalar takarda, ƙusar stefula, da robar ɗaure kuɗi. Ƙarfe yana tsatsa ya ci takarda, roba tana narkewa ta manne. Ƙusar stefula daga baya ake miƙe ƙafafunta da bakin siririyar wuƙa, sannan a zare ta gaba. Takardun da ka raba da fin ɗinsu ka naɗe su a farar takarda guda don su zauna tare.

4. Salatef da lamineshin

Na ba wannan matakinsa daban domin shi ya fi ci mini rai.

Kwanakin baya wani dattijo ya zo da takardar sayen gidansu ta zamanin Turawa, da wasiƙar mahaifinsa da ajami, duka an yi musu lamineshin suna ƙyalli. Ya ajiye a gabana yana murmushi ya ce, “Malam, ka ga jikana ya gyara mini su, yanzu ko ruwa ba ya taɓa su.” Na ɗaga wasiƙar na duba. Zafin injin ya sa tawadar ta yi fatsi-fatsi a gefe, an kuma datse bakin takardar da almakashi don ta shiga ledar, layin ƙarshe inda aka saba sa kwanan wata ya tafi. Na ce, “Baba, Allah ya saka wa yaron da alheri, niyyarsa mai kyau ce. Sauran da ke gida dai a bar su haka, zan zo in gani.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “To, wannan ɗin fa, a cire?” Na ce ba ya ciruwa.

Gaskiyar ke nan. Lamineshin zafi ne da gam, ledar tana shiga jikin takardar, ba a raba su ba tare da ɓarna ba. Ga kuma takardar fili ko shaidar makaranta, akwai ofisoshin da ba sa son ganin ta asali a cikin lamineshin, domin ba za a iya taɓa hatimi da sa hannu a tantance ba. Rasit irin na injin POS kuwa, zafi yana mayar da shi baƙi ƙirin nan take. Irin wannan rasit ko a ajiye yake rubutunsa gogewa yake yi, fotokwafi ake yi masa.

Salatef kuma shekara kaɗan yake yi ya bushe ya faɗi, ya bar jan tabo mai maiƙo wanda ba ya fita. Takardar da ta yage, ka jera gutsattsarinta a cikin farar takarda da aka ninka biyu, ka rufe. Shi ke nan gyaran da ya halatta gare ka a gida. Wanda aka riga aka manna, kada ka ɓare shi, zai tafi da rubutun.

5. Lamba da rajista

Yanzu ka ba kowace warƙa lamba da fensir, ƙarama, a kusurwar sama inda babu rubutu. Warƙa ake ƙirgawa, ba shafi ba: warƙa ta 12 tana da gaba, 12a, da baya, 12b. In ranka bai kwanta da rubutu a jikin Alƙur'ani ko wata takarda mai daraja ba, ka rubuta lambar a 'yar guntuwar takarda ka riƙa ajiye ta a gefe lokacin ɗaukar hoto.

A littafinka, kowane ɗauri ka rubuta: lambarsa, mene ne, harshe da irin rubutu, yawan warƙoƙi, tsawo da faɗi, wanda ya rubuta in an sani, shekara in akwai, da halin da yake ciki. Abin da ba ka tabbatar ba ka sa masa alamar tambaya. Kada ka rubuta “littafin kakanmu ne ya wallafa” alhali kwafa ya yi. Ƙarshen littafi ake dubawa, nan marubuci yakan ce ya kammala, ya ambaci sunansa da na mai littafin, wani lokaci da rana da wata.

Shekarar Hijira in kana son kimanta ta da ta Miladiyya, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1350 za ta ba ka 1931 da ɗoriya, wato tsakanin 1931 da 1932. In kuma da ramzi aka sa shekarar, wato haruffa a madadin lambobi kamar yadda mawaƙan ajami suke yi a baitocin ƙarshe, ka kai wa malami, domin lissafin haruffa na Magariba da malamanmu suke bi ya saɓa da na Gabas a wasu haruffa.

Ka kuma ɗaga warƙa ɗaya ka hango ta a hasken taga. Tsofaffin takardun da fatake suka riƙa kawowa ta Sahara da yawansu a Italiya aka yi su, za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikin jikin takardar. In ka gan shi ka rubuta a rajista, yana taimaka wa masana wajen kimanta zamani.

Abu mafi gaggawa a wannan mataki ba a cikin akwatin yake ba. Ka ɗauki hotuna da wasiƙun ka je wurin tsofaffin gida tun suna nan: goggo, inna, baffa, ko abokin marigayin. Ka kunna rikoda a waya bayan ka nemi izininsu, ka miƙa hoto ka yi shiru. “Goggo, wane ne wannan na tsaye a bayan Baba?” Za ka ji sunan wanda ya yi aikin kuza a Bukuru, da wanda ya fara zuwa Jos daga Kano ko Bauchi, da dalilin da ya sa aka sayar da wani gida. Sunayen ka rubuta su da fensir a bayan hoton, a gefe, ba tare da dannawa ba. Hoton da babu mai sanin na cikinsa ya zama takarda kawai, kuma wannan ba ya jiran Nuwamba.

6. Ɗaukar hoto da adana shi

Ba sai da sikana ba. Tsohuwar takarda mai rauni ma waya ta fi mata sauƙi, kuma injin da yake jan takarda da kansa kada ka kuskura ka ba shi ita.

Ka shimfiɗa baƙin yadi a tebur kusa da taga, inda haske yake shigowa amma rana ba ta dukan wurin. Wayar kada ta kasance a hannu. In babu abin kafa waya, ka samu kwali ka yanke gefensa biyu don haske ya shiga, ka huda rami a samansa daidai idon kyamara, ka kwantar da wayar a kai. Ka goge idon kyamarar, ka kashe filasha, ka sa agogon ɗauka na daƙiƙa 2 ko 3 don kada hoton ya girgiza. Ka ajiye rula a gefen takardar. Ka bar ɗan baƙin yadi ya fito ta kowane gefe, a ga bakin takardar duka huɗu, domin sau da yawa sharhin da malami ya yi a gefe ya fi na tsakiyar daraja, shi ne nasa.

Gaba da baya za ka ɗauka, har shafin da babu komai, har tadarishi da gafaka. Mutum biyu sun fi: ɗaya yana juya warƙa, ɗaya yana dannawa yana duba lamba. Bayan shafi goma na farko ka tsaya ka buɗe hoton ka faɗaɗa shi. In ba ka iya ganin wasali da ɗigo sarai, ka gyara kafin ka ci gaba.

Gargaɗi: manhajojin sikanin na waya suna faranta takarda, su datse gefe, su goge jan tawada. Da kyamarar wayar kai tsaye za ka ɗauka. In sikana za ka yi amfani da ita don takardun boko masu ƙwari, ka sa ma'aunin kaifin hotonta a kan 300 dpi mai launi, hotuna kuma 600. Hoton da ya manne da gilashin firam kada ka ɓanɓare shi, ka ɗauke shi ta cikin gilashin.

A kwamfuta, kowane ɗauri da jakarsa, sunan kowane hoto kuma ya bi lambar warƙa, kamar 03_012a. Sifilin gaban yana sa su jeru daidai.

Hoton waya ɗaya yakan kai megabait 3 zuwa 5, ke nan shafi 500 wajen gigabait 2 ne. Ka yi kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash ko babbar ma'ajiya ta waje, ɗaya a intanet. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, ya ishi yawancin gidaje, kuɗin data kawai za ka kashe. Filash na bogi sun yi yawa a kasuwa, don haka bayan ka zuba ka cire ka mayar, ka buɗe hotunan ka tabbatar. Kwafi ɗaya ya bar unguwarku, in da hali ya bar garin, a hannun ɗan'uwa a Abuja ko Kano. Mu mutanen Jos ba sai an yi mana bayanin dalili ba. Mun ga gobarar babbar kasuwa a 2002, mun ga ambaliyar Rikkos a 2012, mun kuma ga gidajen da aka bari da kayan jiki kawai.

Gargaɗi: WhatsApp yana matse hoto ya rage ingancinsa, sai in ka tura shi a matsayin fayil. Kuma ba komai ake watsawa ba. Takardar fili kada ta hau Facebook, akwai masu neman irinta. Kundin malami yakan ƙunshi laƙani da sirrin mutanen da suka zo neman taimako, littafin ɗan kasuwa kuma yana da sunayen masu bashi waɗanda jikokinsu suna raye. Kayan nan gado ne, ka sanar da sauran magada abin da kake yi tun farko, ka ba kowa kwafi.

7. Naɗewa da wurin ajiya

Kowane ɗauri ka sa shi a farar takarda da aka ninka, ka rubuta lambarsa a kai, ka naɗe da farin yadin nan, ka ɗaure da tsiri na yadin sakwa-sakwa. Rubutun da ke cikin tadarishi ka sa farar takarda tsakanin fatar da warƙar farko da ta ƙarshe. In gafakar ta matse har tana cin bakin takardun, ka ajiye ta a gefensu a kwali ɗaya, kada ka jefar. A kwance ake jera su, manya a ƙasa. Takardar da aka daɗe da ninkewa in ta buɗu da sauƙi ka ajiye ta a buɗe, in tana neman karyewa ka bar ta.

Kada ka naɗe da jarida, tana da sinadarin da yake sa ta ja, kuma tana shafa wa maƙwabciyarta. Kada ka ɗaure a baƙar leda, danshi take riƙewa. Tsohuwar adakar ƙarfe in ta yi tsatsa ka shimfiɗa mata kwali da yadi, ko ka canza. Kafur in za ka sa, a ƙulle a tsumma a kusurwar akwati, kada ya taɓa takarda.

Akwatin ya hau kanta ko tebur, aƙalla taƙi ɗaya daga ƙasa, kuma kada ya jingina da bango, musamman bangon waje ko na banɗaki, ta nan gara da laima suke zuwa. Ban da ƙarƙashin gado, ban da saman silin inda kwano yake zafi kuma yake yoyo, ban da kusa da kicin. Fumfuna tana tashi ne in danshin iska ya daɗe sama da kashi 65 cikin ɗari, kuma daminar Jos tana wuce haka. 'Yar na'urar auna danshi ba ta da tsada, in ka samu ka ajiye a ɗakin. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani suna taimakawa a rufaffen akwati, amma suna cika, sai an canza.

Ka buɗe ka duba sau biyu a shekara, a Afrilu kafin ruwa ya zauna, da kuma Oktoba. A ranar ka kunna filash ɗin ma ka ga ko yana buɗewa.

8. In abin ya fi ƙarfinka

Warƙoƙin da suka dunƙule suka zama kamar bulo, ko tawadar da take cin takarda har tana huda ta, ko tarin da ya kai akwati biyar ko goma, wannan ba aikin gida ba ne. Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da tarin rubuce-rubucen Larabci, nan ne mafi kusa da za ka fara tambaya. A Kaduna akwai Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House. Babban ɗakin karatu na Birtaniya kuma yana da shirin tallafa wa ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari, inda na asalin suke zama a ƙasarsu, amma ta hannun masu bincike ake nema, don haka sai ka bi ta sashen tarihi ko na Larabci a jami'a.

Ko'ina za ka kai, ka tafi da rajistarka da hotuna tukuna, ba da takardun ba. In an kai ga miƙa su, a rubuta yarjejeniya: kyauta ce ko amana, warƙa nawa ce, wa zai iya karantawa, wa zai iya bugawa, kuma yaushe za a iya karɓa. Magada su sa hannu, ku riƙe kwafi. Mai bincike da ya ce a ba shi aro ya je ya dawo, ka shimfiɗa masa tabarma a zaure ya karanta a gabanka, ko ka ba shi hotunan.